Murɗin Ƙarshe

Mahaifina kafinta ne, amma ba na kujera da tebur ba. In ka kawo masa aikin 'yar kujerar tsakar gida, sai ya dube ka sama da ƙasa ya tura ka wurin yaran bakin kasuwa. Shi aikinsa na manyan katakai ne: shimfiɗar amalanken jaki, ƙyauren shago, da gyaran bodin motocin da ke ɗaukar albasa. Daga Tsarnawa, daga Bazaga, har daga Badagishiri mutane kan jawo amalankensu zuwa ƙofar gidanmu a Ƙonni, su wuce kafintoci da yawa a hanya ba su ko waiwaya ba.

Irin wannan aiki ƙusa ba ta riƙe shi. Tirfon ake sa masa, wato wata ƙatuwar ƙusa mai zare a jiki, wata tsawonta ya kai taƙi, kanta kuma mai kusurwa ne. Ba a buga ta da guduma. Murɗa ta ake yi da kile, abin da mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa sifana. Baba yakan fara huda siririn rami, ya goga wa tirfon sabulu, sa'an nan ya hau murɗawa yana surutu. Surutu kam Allah ya ba shi. Yana aiki yana faɗa da mai amalanke a kan yadda ya bar jakinsa ya rame, yana tsokanar masu wucewa, yana zagin gara. Amma da zarar kan tirfon ya kusa taɓa katako sai ya yi shiru, ko da a tsakiyar magana yake. Ya karkata kai gefe, ya ja kile a hankali, ya ƙara ja, ya tsaya. Sai ya ci gaba da maganarsa daga inda ya yanke ta.

Wannan shi yake kira murɗin ƙarshe. Ya ce in ka gaza, hanya za ta sassauta aikin kafin kaka ta zagayo. In ka zarce, ko katako ya tsage ko kan tirfon ya cire ya bar ka da gindi a ciki. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri da hannu kaɗai ke ji, kuma da wannan ɗan wurin ya yi suna.

Ni ne ɗansa na fari, ban kuwa gaji sana'ar ba. Tuƙi na koya, na zama direban babbar mota. Har na yi aure na haihu bai daina yi mini gori ba. In na dawo daga tafiya ina kukan gajiya sai ya ce, “Wace gajiya? Mutum na zaune bisa kujera, ƙasa na tahiya da kanta.”

Wajen ƙarshen shekarun tamanin wuyan hannunsa na dama ya fara kumbura. Aka ce sanyin ƙashi ne. An je asibiti, wanzami ya yi ƙaho, Inna ta dafa duk saiwar da aka kwatanta mata. Kumburin ya sauka, amma ya tafi da wani abu. Baba yana iya ɗaukar katako, yana iya jan zarto, yana iya riƙe abu gam. Murɗawa ce ta gagara. Ko tsumma ya jiƙa ba ya iya matse shi. Na hagun ma bai daɗe ba ya bi sahu.

Masu amalanke ba su da laifi, suna da gero a gona. Suka fara tsayawa wurin waɗancan kafintocin da suke wucewa a da. Baba ya koma zaman zaure. Mutumin da ba ya rufe baki ya zama sai ka yi masa magana sau biyu kafin ya amsa, in ya amsa kuma da faɗa. Har kajin Inna sai da suka gane, suka daina bi ta zauren. Ina ganinsa haka raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba yunwa ke damunsa ba, ina kawo abin da ya samu. Abin da ke cinsa shi ne a wuce ƙofarsa da karyayyar amalanke a gaishe shi kawai.

A wani gareji a Sakkwato na ga ana tura tirfon da injin hannu na lantarki, irin na huda katako, an sa masa wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a baki mai kama kan tirfon. Da na dawo na ba shi labari. Ya ce shi ba a haife shi da waya a gindi ba. Da zan sake tafiya, na fito na tarar da shi tsaye jikin motata da babbar rigarsa ta Juma'a, aljihunsa ya yi nauyi.

Abin da ke aljihun sai da muka isa shagon mai injuna a Sakkwato na gan shi: guntun kirya, itacen da ya fi kowane tauri a wurinmu, an riga an huda shi, da tirfon, da ɓallin sabulu. Mai shagon ya ɗauko wani sabon inji ja, mara nauyi, yana ta yabonsa, ya danna shi ya yi wata ƙara mai kaifi.

Baba ya ce, “Sa mai wagga mu gani.”

Mai shago ya ce ba a gwada sabon kaya. Baba ya mai da kiryarsa aljihu ya juya. Sai ga shi ana gwadawa. Injin ya shiga da gudu, ya kai rabi, ya tsaya yana kuka, warin ƙuna ya tashi.

“Ihu garai, ba ya da ƙarhi,” in ji Baba. “Awa wani direba da nis sani.”

Can ƙasan kanta ya hango wani tsohon inji na hannu, fentinsa duk ya goge, mai nauyi, da mariƙi na biyu a gefe. Yana da wani ɗan maɓalli da in an tura shi sai ya rage gudu ya ƙara ƙarfi. Aka sa masa tirfon ɗin. Ya juya a hankali, yana gurnani ƙasa-ƙasa, bai tsaya ba sai da aka sake shi. Baba ya karɓa, ya auna nauyinsa, ya kama mariƙin gefe, ya tokare gindinsa da cinya. Na ga fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka har na manta. Ya ce wannan za mu ɗauka, mai tafiyar raƙumi.

A gida sai da muka yanke kan wayarsa, don ƙafa uku gare shi irin na can, namu kuwa ramuka biyu ne. Wuta muka jawo daga gidan wani alhaji maƙwabcinmu mai motoci. Ranar farko yaran unguwa suka cika ƙofar gida, Baba yana korarsu yana jin daɗi.

Murnar ba ta yi nisa ba. Injin yana da ƙarfi, amma bai san tsayawa ba. Ya cire kan tirfon, ya tsaga wani katako mai kyau tun daga baki har tsakiya. Sau ɗaya kuma da tirfon ta kai ƙarshe, injin ya juya da kansa ya fizgi hannunsa, Baba ya zauna a ƙasa yana riƙe da wuyan hannu, hawaye na zubo masa ba da son ransa ba. Daga nan ya gane iyakar abin. Sai ya riƙa sakin maɓalli tun kan tirfon bai taɓa katako ba, ya bar 'yar tazara kamar kaurin tsinken tsintsiya. Injin ya ɗauke masa wahalar duka, ya bar masa murɗin ƙarshe, abin da ba ya iyawa.

Ina cikin tunanin mun yi asarar tafiya, sai Baba ya fito da sabuwar doka. Ya ce daga yau a cikin gida zai riƙa aiki, wai wayar ba ta kaiwa ƙofa sosai, kuma yara na damunsa. Aikin bodin mota ya ce ya bari, ya tsufa da hawa. Amalanke kuwa a kwance ƙafafunta a shigo da shimfiɗar ta ƙofar baya da ake shigo da dabbobi, mai ita ya jira a zaure ko ya dawo gobe. Aiki ya riƙa fita a ɗaure tamau, irin na da. Labari ya bazu cewa hannun kafinta ya warke. Masu amalanke suka dawo, surutu ya dawo, gori ya dawo. Ni ma na yarda ya warke.

Wata rana na dawo daga tafiya da hantsi. Na yi sallama a zaure, ƙarar inji ta hana a ji. Na leƙa tsakar gida daidai lokacin da ƙarar ta ɗauke. A gindin bishiyar bedi na ga Inna durƙushe a kan shimfiɗar amalanke, ta ɗaure zane a ƙirji, kile a hannunta. Baba yana tsugune gefenta, ya ɗora kumburarren hannunsa a bayan nata. Tana ja, ya karkata kai.

“Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya.”

Suka matsa kan ta gaba.

Tun da nake ban taɓa ganin hannun Baba ya taɓa na Inna ba. Mutanen da ne, ko sunan juna ba sa faɗa. Kunya ta kama ni, tausayi kuma ya fi kunyar yawa. Na koma zaure da baya, na daɗe zaune, sa'an nan na rangaɗa sallama kamar mai kiran kurma. Da na shiga, Inna na bakin murhu, Baba na riƙe da kile yana ɓata fuska.

Inna ba ta yi mini magana kai tsaye, kunyar ɗan fari. In tana son in ji abu sai ta gaya wa tukunya ko bango. Da yamma tana tankaɗe, ina wucewa, ta ce wa rariyarta, “Wanda duk yag ga abu, shi bar shi inda yag gane shi.” Ashe ta ga inuwata. Na bar shi a can kuwa, ko matata ban gaya wa ba.

Haka aka yi shekaru. Hannun da ya saba da taɓarya ba ya jin nauyin kile. Baba ya ci gaba da karɓar yabo a ƙofar gida, yana kuma karɓarsa da iko, ba ya ko sunkuyar da kai. Ni dai in na ji ana cewa ba hannu irin nasa a Ƙonni, sai in ce gaskiya ne.

Makarar masallacin unguwarmu Baba ne ya yi ta tun ina yaro, shi ke gyara ta, ba ya karɓar ko tukwici, kuma bai yarda wani kafinta ya taɓa ta ba. Sadakarsa ce. A cikin shekarun casa'in gara ta cinye sandunanta, liman ya zo da kansa ya gaya masa. Baba ya ce to. Ya sayi katako mai kyau, ya yanka, ya feƙe, ya huda ramuka, duk a cikin gida. Da aka zo haɗawa sai aikin ya tsaya.

A unguwarmu makara ba ta shiga gida sai in za ta fito da mutum. Katakai a warwatse katakai ne, amma da an ɗaure su sun zama makara, ba mai yarda ta kwana a tsakar gidansa, maƙwabta ma ba za su yarda ba. A harabar masallaci ake haɗa ta, a gaban jama'a. Mace kuwa ba ta da abin yi a wurin. Na ga Baba yana ta jan aikin, yau ya ce katako bai yi ba, gobe ya ce tirfon ɗin ba su da kyau. Liman ya sake aikowa.

Ranar da za a haɗa ina gari, na ɗaukar masa kaya. Bayan la'asar ne, dattawa suna zaune a tabarma suna kallo, ana ta yaba injin. Na riƙe katakai, Baba ya goga sabulu, ya tura tirfon ɗaya bayan ɗaya, kowace ya bar mata 'yar tazararta. Hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya gama ya ajiye inji, ya ɗauki kile, ya ɗora a kan ta farko. Ya ja. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Kile bai motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sake ja.

Na matso na ce a hankali, “Baba, kawo in ƙarasa.”

Ya ɗago ya daka mini tsawa yadda kowa zai ji. “Tun yaushe direba yaz zama kahinta?”

Dattawa suka yi dariya, sun ɗauka gorin da aka saba ne. Baba ya ƙwanƙwasa katakon da kile, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ya ce da liman, “Iccen ga da sauran ɗanye. In an ɗaure shi yanzu, ya bushe ya saki. A bar shi shi sha iska, in zaka in ɗaure.”

Kowa ya ce kafinta ya fi su sani. Ban da mutum ɗaya, wani tsoho mai sayar da igiya, abokin Baba tun suna samari. Ya dubi hannun Baba, sa'an nan ya mai da idonsa kan carbinsa. A hanyar gida Baba ya ƙi ba ni injin, shi ya rungumo shi har zaure.

Daga ranar bai sake jona injin ba. Aikin amalanke ma ya ce a kai wani wuri. In liman ya tambaya sai ya ce icce bai bushe ba. Na same shi shi kaɗai na ce zan je da sassafe in ɗaure, ba wanda zai gani. Ya ce, “Kai ba ka san inda aka tsayawa ba. Kuma sadakata ta, ba taka ba. Kak ka taɓa.” Na ji haushinsa a lokacin, na ce a raina wannan tsoho da taurin kai yake. Ban taɓa ba.

Ana cikin haka wani dattijo ya rasu a unguwa, aka ɗauke shi a sabuwar makarar. Ba ta karye ba, tirfon ɗin sun shiga da nisa. Amma tana motsi a gaɓoɓinta, kowane taku sai ta yi ƙara, ƙiƙi, ƙiƙi, tun daga masallaci har maƙabarta. Baba na tafe a bayanta, kansa a ƙasa, yana jin kowace ƙara. Da muka dawo Inna ta kai masa tuwo, aka ɗauke kwanon yadda aka kai shi.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai yi doguwar jinya ba. Ya cika da safe, ina riƙe da kansa. Liman da Baffa, ƙanen Baba, suka shiga ɗakinsa yi masa wanka, samari suka tafi masallaci ɗauko makara. Ta ƙofar baya suka shigo da ita don zauren ya yi mata ƙunci, suka ajiye ta a gindin bedi, tana ajiyuwa ta yi ƙarar nan tata.

Mata suna ɗaka suna kuka ƙasa-ƙasa. Sai labulen ɗakin Inna ya ɗaga. Ta fito lulluɓe da mayafi, idanunta sun kumbura, kile a hannunta. Maza sun fara shigowa tsakar gida, kowa ya tsaya inda yake. Baffa ya fito daga ɗaki hannunsa da ruwa.

“Subhanallahi! Mi za ki yi? Koma ɗaka, mutane na kallo.”

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

“Kai, zo riƙe min nan.”

Na durƙusa na riƙe sandar. Baffa ya buɗe baki zai sake magana, sai tsohon nan mai igiya ya dafa kafaɗarsa daga baya.

“Bar ta,” ya ce. “Aikinsu na.”

Inna ta ɗora kile a kan ta farko, ta ja. Tirfon ta juya ba gardama. Da ta kusa kaiwa sai ta rage, ta karkata kai gefe, ta ja kaɗan, ta dakata kamar mai jiran a ce mata wani abu. Ba wanda ya ce. Ta ƙara ja ɗan kaɗan da kanta, ta tsaya. Na ga ta dubi bayan hannunta. Sa'an nan ta ja gwiwa zuwa ta gaba.

Haka ta zagaye makarar duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ba ta kuma yi sauri ba. Ban da ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ba ka jin komai a gidan. Mazan da ke tsaye, cikinsu akwai masu amalanken da suka shekara suna yabon hannun Baba, duk sun sunkuyar da kai. Da ta gama ta kama sandar ta girgiza da ƙarfi, yadda yake yi in zai sallami aiki. Ta miƙe, ta koma ɗaki da kilenta, ta saki labule. A lokacin ne na ji kukanta.

Aka fito da Baba aka ɗora shi. Bayan an yi masa salla na shiga gaba na sa kafaɗa, aka yi ta karɓar sauran sandunan ana canzawa, ni na ƙi sakin nawa. Hanyar maƙabarta duk ta lalace da ruwan sama, muna hawa muna gangarawa, muna kauce wa taɓo. Ina tafe ina kuka ina kasa kunne, kunnena dab da katako. Na so ƙwarai a ce yana ji. Har muka sauke shi a bakin kabari makarar ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.